Sandar roba ta FlexBar ga masu wasan golf: abin da take yi wa gwiwar hannu da inda amfaninta ya tsaya

FlexBar sandar roba ce da kamfanin TheraBand ke yi, tsawonta kimanin santimita 30, jikinta da layi-layi domin kada ta sulɓe daga hannu. Tana zuwa da launi huɗu bisa tauri: ruwan ɗorawa ita ce mafi laushi, sai ja, sai kore, sannan shuɗiya wadda ta fi kowacce tauri. Na yi amfani da ita a kan ciwon gefen ciki na gwiwar hannuna na dama, kuma ina ganin ta cancanci yabon da ake yi mata, muddin mai saye ya san aikin da aka yi ta dominsa.

Ciwon da ake danganta wa 'yan golf yana kama ɗan tudun ƙashin da ke gefen ciki na gwiwar hannu, inda jijiyoyin tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu da juya tafi ƙasa suke manne. Ga mai bugu da dama, galibi hannun dama ne yake kamuwa, musamman idan yana yawan sarar ƙasa kafin ya taɓa ƙwallo, ko yana damƙe sandar golf da ƙarfi, ko kuma yana shafe sa'o'i yana atisaye a kan tabarmar roba mai tauri. Hannun hagu kuwa ya fi fama da ciwon gefen waje, wanda aka fi danganta wa 'yan tanis, kuma shi ma ya zama ruwan dare ga masu golf na sha'awa. Idan ciwon ya daɗe, matsalar ta fi karkata ga lalacewar zaren jijiyar fiye da kumburi, shi ya sa hutu kaɗai da maganin shafawa ba sa kai mutum ga gaci. Jijiyar tana buƙatar a riƙa ɗora mata nauyi a hankali har ta sake ƙarfi.

A nan FlexBar ta yi fice. Ga ciwon gefen ciki, mutum zai riƙe gefe ɗaya da hannun da ke ciwo, wuyan hannun a lanƙwashe, ya murɗe sandar da lafiyayyen hannun kamar mai matse wanki, ya miƙe hannayen biyu gaba, sannan ya bar hannun mai ciwo ya riƙa sakin murɗar sannu a hankali cikin 'yan daƙiƙoƙi. Duk amfanin yana cikin wannan sakin, domin a lokacin tsoka tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kuma za ka ji jan daidai kan tudun ƙashin, inda yatsanka ke nunawa idan aka ce ina ne ke ciwo. An saba yin sau 15, a huta, a maimaita har zagaye uku. Abin da ya fi burge ni shi ne lafiyayyen hannu ne ke ɗaukar wahalar murɗawa, don haka mai ciwon ba ya yin komai sai aikin da yake buƙata.

Hanyar tana da madogara. Timothy Tyler, masanin gashin ƙashi a Amurka, ya wallafa bincike da abokan aikinsa a 2010 kan ciwon gefen waje, inda waɗanda aka ƙara wa motsa jiki na murɗa sandar a kan jiyyar da aka saba suka fi waɗanda ba a ƙara wa ba samun sauƙi. A 2014 suka gwada juyayyen salon, wato wanda na bayyana a sama, a kan mutum 20 masu ciwon gefen ciki waɗanda wasu jiyyoyin ba su yi musu aiki ba, aka kuma ga ci gaba, sai dai binciken ƙarami ne kuma babu rukunin kwatanci. Shaidar gefen waje ta fi ƙarfi ke nan.

Shawarata ita ce a fara da ruwan ɗorawa ko ja, ko da mutum yana jin ƙarfi a jikinsa, domin jijiya mai ciwo ba ta tafiya da ƙarfin damtse. Sauƙi yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kuma ɗan tsami yayin motsawa ba laifi ba ne, amma zafin da ya kwana ya ƙaru alama ce ta a rage. Matakan suna da ruɗarwa a farko, gara likitan gashin ƙashi ya nuna su ido da ido. Da robar itace aka yi sandar, saboda haka wanda fatarsa ba ta jituwa da irin wannan roba ya kiyaye. Wanda kuma ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suke sagewa ya fara ganin likita, domin wata jijiyar ji tana ratsa bayan wannan tudun, kuma matsalarta daban ce.

Game da ciwon ƙugu, wanda shi ne ya fi addabar 'yan golf, sandar ba ta da abin da za ta yi, kuma ba don shi aka ƙera ta ba. Ƙasan gadon baya ba ya juyawa sosai. Kwatangwalo da saman baya su ne ya kamata su ɗauki juyin bugu, kuma idan suka sandare sai nauyin ya koma kan ƙugu. Fitaccen ɗan golf Tiger Woods ya sha tiyatar baya har aka haɗe masa ƙasusuwa biyu na ƙasan baya a Afrilun 2017, kafin ya dawo ya ci gasar Masters a 2019. Kariyar baya tana cikin ɗumama jiki na minti goma kafin bugun farko, da ƙarfafa tsokokin ciki da na mazaunai, da durƙusawa a kan gwiwa wajen ɗaukar ƙwallo, da tura jaka a kan keke maimakon rataya ta a kafaɗa ɗaya. Ita ma gwiwar hannu za ta sake tashi idan mariƙin sandar golf ya cinye ya yi santsi har sai an damƙe shi, ko bugun ya ci gaba da sarar ƙasa, don haka wanda ya sayi FlexBar ya haɗa da sauya mariƙi, ya kuma sa mai koyarwa ya duba yadda yake saukar da sandar golf.