Kafin a sa hannu a takardar tiyata: yadda ake yi a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Duk wanda ya tambaye ni labarin asibitocin Ingila, na'urori yake so ya ji. Na'urori kam akwai su, amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne zaman da ake yi da mara lafiya kafin ya yarda a yi masa aiki.

A nan, baligi mai hankali shi ke sa hannu da kansa. Miji ba ya sa wa matarsa, uba ba ya sa wa ɗansa da ya girma. In ba ka jin Turanci sosai, asibitocin gwamnati na NHS suna kawo tafinta, kuma sun fi son haka a kan ɗan uwanka ya fassara, don ɗan uwa yakan ɓoye magana mai nauyi saboda tausayi. A gida sau da yawa likita yakan ja dangi gefe ya yi musu bayani, mai ciwon kuwa yana kwance, abin da zai ji kawai shi ne "za a yi aiki gobe".

Su ma ba haka suka faro ba. Wata mata mai suna Nadine Montgomery, mai ciwon suga kuma mai ƙaramin jiki, ta haihu a Scotland, wani yanki na Birtaniya kamar Ingila, a 1999. Ba a gaya mata cewa akwai haɗarin kafaɗar jariri ta maƙale ba, haɗarin da ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari ga irinta, ba a kuma ba ta zaɓin a ciro shi ta tiyata ba. Kafaɗar ta maƙale, yaron ya samu naƙasa. A 2015 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta ba ta gaskiya, ta ce dole likita ya bayyana duk haɗarin da mara lafiya zai ɗauka da muhimmanci, da sauran hanyoyin magani, ba wanda shi likitan ya ga dama ba.

Shi ya sa suke kwaɗaita wa mutane tambayoyi huɗu: mene ne amfanin aikin, mene ne haɗarinsa, akwai wata hanya, me zai faru in ban yi komai ba? Ta ƙarshen ce na ga mutanenmu ba sa yi, alhali ita ce mafi amfani. Ƙabar da ba ta ciwo ana iya sa mata ido a jira. Ƙari a mahaifa akwai wanda magani ke rage masa jini, akwai wanda ake toshe jijiyar da ke ciyar da shi ba tare da an cire mahaifa ba. Akwai kuma aikin da jinkirta shi halaka ne, kamar ƙabar da ta shaƙe hanji. Sai ka tambaya za ka san a wane ɓangare kake. Ni nakan ƙara ta biyar: wa zai riƙe wuƙar, kuma ya saba yin irin wannan aikin? Ban taɓa ganin likitan da ya ɓata rai a kan wannan ba a nan. In kana son jin ta bakin wani likita na biyu, ka faɗa. Kana iya fasawa ko bayan ka sa hannu, muddin ba a fara ba.

Kafin ranar aiki akwai wani zama daban da nas. Za a auna hawan jini da suga, a duba jini, a tambayi ko akwai sikila a gidanku, ko wani naka ya taɓa samun matsala da allurar barci. Za a ce ka kawo duk maganin da kake sha. A nan ne mutane ke cutar kansu: mai shan aspirin ko warfarin, masu tsinka jini, in ya yi shiru zai iya zubar da jini fiye da kima, haka mai shan sassaƙe da jiƙe-jiƙe da yake ganin ba su kai a ambata ba. Mai shan taba za a ce ya daina tun da makonni, don miki ya fi saurin warkewa. Yawanci ana barin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, saboda kada abin da ke ciki ya taso ya shiga huhu.

Ranar aikin za a gundure ka da tambayar sunanka da ranar haihuwarka da aikin da ka zo yi, likita kuma ya yi alama da alƙalami a gefen da za a yanka. Wannan tsari ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, ba na Ingila kaɗai ba ne, kuma ba ya buƙatar wata na'ura. Ko a gida kana iya cewa a nuna maka ƙafar da za a yi wa aikin kafin a sa ka barci.

Kada ku zaci komai daidai yake. Jira a nan sai mai haƙuri. Ƙa'idarsu ita ce a fara magani cikin mako 18 daga ranar da aka tura ka wurin ƙwararre, amma mutane da yawa suna wuce haka nesa ba kusa ba, musamman masu ciwon gwiwa da ƙugu. Sannan aiki da yawa ranar da aka yi ake sallama, da sharaɗin wani babba ya zo ya ɗauke ka ya kuma zauna da kai awa 24. A gida wannan ba abin tunani ba ne, masu zaman jinya har yawa suke yi. A nan kuwa kowa yana wurin aiki, wanda bai shirya mai zama da shi ba ana iya ɗage masa aikin. Don haka tun kafin ka sa hannu ka tambayi kwana nawa za ka yi ba ka aiki, wa zai wanke mikin, da lambar da za ka kira in zazzaɓi ya taso ko wurin ya fara ruwa cikin dare.