Gwajin ƙoda a wani lab na kuɗi a Tudun Wada: abin da na tarar

Wurin da tsafta, aikinsu da sauri, ma'aikatan ciki sun san abin da suke yi. Amma idan ka shiga ka ce "gwajin ƙoda nake so" ka tsaya nan, musamman in mai suga ko hawan jini ka kawo, to ba duka gwajin za ka samu ba.

Mahaifinmu yana da duka biyun. Likitansa a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ya rubuta a duba ƙoda, muka zaɓi wannan lab ɗin don ya fi kusa da gida. Yaron da ke karɓar kuɗi ko takardar bai karanta sosai ba, ya ce suna da gwajin ƙoda a dunƙule, komai na ciki. Da na nemi ya lissafo mini, sai ga shi abu biyu ne: gwajin jini na yuriya da kiriyatinin (dattin da ƙoda ke tacewa daga jini) da gishirin jini, sai gwajin fitsari na ɗan tsinken nan mai launi-launi da ake tsomawa. Na uku da likita ya ja wa layi, wato ACR, gwajin da ke auna furotin a fitsari, babu shi. Wai sai dai su aika wani wurin, da kuɗinsa daban, sakamako sai washegari.

Na biya, kuma shi ne kuɗin da ya fi amfani a ranar. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, su biyun suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini kullum, su mayar da kusan duka cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Da yake matatan suna da yawa haka, in wasu suka lalace sauran sai su ɗauki nauyin, shi ya sa kiriyatinin kan iya zama daidai a takarda alhali kusan rabin aikin ƙodar ya tafi. Abin da ke fara tona asiri shi ne yoyon wani furotin da ake kira albumin cikin fitsari. Tsinken tsomawa ba ya ganin ɗan kaɗan, sai ya yi yawa. ACR kuwa yana gani: a ma'aunin mg/g, ƙasa da 30 lafiya, daga 30 zuwa 300 yoyo ya fara, sama da 300 abin ya yi nisa.

Haka kuwa aka yi da Baba. Jini ya nuna ba komai, tsinke ya ce babu furotin, ACR ya haura 30. Da mun tsaya a na dunƙulen, da hamdala za mu yi mu koma gida.

Wadda ta fi burge ni ita ce matar da ke ɗaukar jini. Yaron gaba ya riga ya miƙa wa Baba kwalba da hantsi, ba bayani, ta ce a dakata. "Baba, fitsarin farko na asuba ya fi. Ku bar na farkon ya zuba, ku tari na tsakiya, a kawo mini kafin awa biyu." Ta kuma tambaya ko yana zazzaɓi ko fitsari na yi masa zafi, don waɗannan kan sa furotin ya fito ko da ƙoda lafiya lau. Mata kuma, in ji ta, su bari sai sun gama al'ada. Wannan bayanin kamata ya yi a liƙa shi a bango, ba sai ka dace da mai kirki ba.

Inda suka gaza kuma shi ne takardar sakamako. Lambobi ne zalla, babu eGFR, wato lissafin da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda daga kiriyatinin da shekaru da jinsi. In ya zauna ƙasa da 60 har wata uku, ciwon ƙoda ne mai daɗewa, ƙasa da 15 kuwa an fara zancen wankin ƙoda. Likita ne ya lissafa da kansa a waya. Ya sauya maganin hawan jinin, ya ce a maimaita ACR ɗin nan da wata uku kafin a yanke hukunci, sannan ya hana Baba diclofenac ɗin da yake saye a kemis don ciwon gwiwa. Wannan hanin ya fi sakamakon ɓata wa tsohon rai.

Banɗakinsu akwai ruwa da buta, kujeru ne dai suka yi kaɗan ga masu jira da safe. Suna tura sakamako ta WhatsApp, sai dai hoton da suka turo mana rabin lambobin ba sa karantuwa, don haka gara mutum ya koma ya karɓi takardar da hannunsa kafin ranar ganin likita.