Kafin ka sayi kwamfuta, tambayi shekara nawa suka rage mata

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, bayan shekara goma da fitowarta. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. Duk wanda ya kunna tasa washegari ya same ta tana aiki kamar jiya, takardunsa na nan, hotunansa na nan. Abin da ya canza shi ne duk ɓarakar da masu kutse suka gano daga ranar ba mai zuwa ya toshe ta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda shi ma shekara guda aka sanar wa masu amfani na gida. Wannan ne ya tura mutane da yawa neman sabuwar kwamfuta alhali tsohuwar ba ta gaza musu da komai ba.

Shi ya sa idan wani ya tambaye ni wace zai saya, ba na fara masa da maganar sauri ko sirantaka. Tambayoyi biyu nake so ya riƙe. Shekara nawa suka rage kafin mai manhajar ya daina kula da wannan na'ura? Idan kuma wani abu ya gaza a cikinta, ana iya kwance ta a canza shi? Kusan duk kwamfutar da aka ƙera cikin 'yan shekarun nan ta ishi mai rubutu da lissafi da taron bidiyo da lilo a intanet. Tsawon kwana ne ke bambanta su yanzu.

Mu fara da Windows 11, tunda can mafi yawan mutane za su nufa. Ta fito a watan Oktoban 2021, kuma ta zo da sharuɗɗan da suka bar miliyoyin na'urori a baya. Tana buƙatar RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da na'ura ke riƙe aikin da take kai, giga 4 da ma'adana giga 64, waɗannan ba su da wuya. Masu wuyar su ne guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma shekarun masarrafa, wato guntun da ke gudanar da dukan lissafin kwamfuta. A ɓangaren Intel, in ban da 'yan kaɗan, sai masarrafar zubi na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Gane zubin ba wuya: a lambar i5-8250U, 8 ɗin da ke farko bayan ɗan layin shi ne zubin, i5-7200U kuma zubi na 7 ce, ba ta cikin jerin. A ɓangaren AMD lambobin suna da ruɗarwa, gara ka duba jerin da Microsoft ya wallafa ko ka sa manhajar PC Health Check ta gwada na'urar a gabanka. Wani lokaci ma TPM ɗin yana nan, kashe shi kawai aka yi a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Na fi so mutum ya leƙa can kafin ya yanke wa tsohuwarsa hukunci.

Wannan bayani ya fi shafar mai sayen ta hannu. Za ka ga na'ura mai kyan jiki an ɗora mata Windows 11, ka ɗauka ta cika sharaɗi, alhali ta bayan gida aka bi aka ɗora. Akwai dabarun tsallake binciken, suna kuma aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi wa irin waɗannan na'urori alkawarin sabuntawa ba. Ka duba lambar masarrafar da idonka. Ka kuma duba batir: a Windows, idan ka rubuta powercfg /batteryreport a tagar umarni, za ta fitar maka da rahoton da ke nuna cajin da batirin ke ɗauka yana sabo da wanda yake iya ɗauka yau. Idan ya ragu da rabi, ka sa kuɗin sabon batir cikin lissafinka tun kafin a yi ciniki.

Ni dai a wajen ta hannu na fi karkata ga waɗanda aka ƙera domin ma'aikatu, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook. Ba su cika kyan gani ba, amma an yi su ne da sanin cewa wani ma'aikaci zai riƙa kwance su, don haka sukurorinsu na fili ne, littafin gyaransu na samuwa, kayan canjinsu ma haka. Duk da haka kada sunan ya ruɗe ka, domin a cikinsu ma akwai siraran da aka liƙe wa RAM.

Maganar RAM ɗin nan ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Da can ƙaramin allo ne mai haƙora da kake zarewa ka soka babba, cikin minti biyar na'ura ta sami sabon numfashi. Yanzu a kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa da dalma ake manna shi a jikin babban allo, abin da ka saya da shi da shi za ka rabu da ita. Na taɓa sayen wata siririya mai giga 4 domin ta burge ni a hannu, ban tambayi komai ba. Cikin shekara biyu buɗe shafuka goma a burauza ya gagare ta, komai nata lafiya lau, amma babu inda zan ƙara mata ko giga ɗaya. Kyan ɗan maciji ke nan. Yau giga 8 shi ne ƙasa, kuma ba zan karɓe shi ba sai in akwai gurbin ƙari. Idan liƙaƙƙe ne, giga 16 nake nema. Ma'adana kuma ta zama SSD, wato mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, zai fi kyau mai zaruwa. Ka yi hattara da masu araha da aka rubuta wa eMMC giga 64: a manne take, tana da nauyin jiki, sannan sabuntawar Windows kaɗai na iya cinye abin da ya rage a cikinta. Araha ba ta ado.

Akwai kuma sababbin da ake tallatawa da sunan Copilot+ tun 2024, masu wani sashe na musamman domin ayyukan ƙirƙirarriyar basira. Sharaɗin wannan suna ya haɗa da RAM giga 16 da ma'adana giga 256, wanda abu ne mai kyau ko da basirar ba ta dame ka ba. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da masarrafar Snapdragon, batirinsu yana daɗewa ƙwarai, sai dai tsarin ARM ne, wanda ya sha bamban da na Intel da AMD, don haka tsofaffin manhajoji ta hanyar tafinta suke gudana, wasu wasanni da manhajojin tafiyar da tsofaffin firintoci kuma ba sa yi sam. Ka gwada abin da kake dogara da shi kafin ka biya. A kan waɗannan na'urori ne aka kawo Recall, mai ɗaukar hoton fuskar kwamfuta lokaci-lokaci domin ka iya neman abin da ka taɓa gani. Ƙorafin masana tsaro ya sa aka ɗage fitowarta a watan Yunin 2024, aka mayar da ita sai wanda ya ga dama ya kunna. Ni ba zan kunna ba. Na'urar da nake buɗe wasiƙuna da asusun bankina a kai ba na son ta riƙa tara hotunan abin da nake yi, ko da a cikinta za su tsaya.

Mac kuwa ciniki ne na ido buɗe. Tun da Apple ya fito da masarrafarsa ta M1 a watan Nuwamban 2020, MacBook Air ta zama abin kwatance wajen daɗewar batir da rashin ƙara, domin ko fanka ba ta da ita. Wanda ke gyaran bidiyo ko sauti, ko mai iPhone da ke son komai nasa ya haɗu wuri guda, zai ji daɗinta. Amma RAM ɗinta a haɗe yake da masarrafa, ma'adanar tafi-da-gidanka ma a manne, ba a ƙara ko ɗaya bayan saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A watan Oktoban 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin RAM na MacBook Air zuwa giga 16, saboda haka masu giga 8 da yawa suna yawo a hannun masu sayar da tsofaffi. Abin da zan ce a guje wa kai tsaye shi ne Mac mai masarrafar Intel, domin Apple ya sanar a 2025 cewa macOS 26 ce ta ƙarshe da za ta hau kansu, ita ma ba dukansu ba.

Chromebook, kwamfutar da ke tafiya da manhajar Google, ba ta buƙatar dogon bayani. Idan duk aikinka a burauza yake, ko yaro kake saya wa domin karatu, ta isa, kuma ba ta da wahalar kulawa. Google ya sanar a 2023 cewa samfuran da suka fito daga 2021 za su sami sabuntawa ta shekara goma. Lura dai, daga ranar fitowar samfurin ake ƙirgawa, ranar da ka saya ba ta cikin lissafi. Ranar ƙarewar tana rubuce a cikin saitunan na'urar, ka duba. Ina yaba wannan fayyacewa. Inda intanet ke yawan yankewa kuwa, ko aikin ke son manyan manhajoji, ba ita ba ce.

Saura zaɓin da mai sayarwa ba zai taɓa ambata maka ba, wato ka ƙi sayen komai, ka ɗora Linux, manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, a kan wadda kake da ita. Linus Torvalds ya fara ta a 1991, yau ita ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da intanet ke zaune a kansu, kuma a kanta aka gina Android. Ga mai amfani na gida, Linux Mint da Ubuntu ne suka fi sauƙin shiga. Ubuntu tana fitar da zubi mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, kowanne da shekara biyar na sabuntawa kyauta, na 24.04 zai kai 2029. Ba ta neman TPM, ba ta tilasta maka buɗe asusu da kowa kafin ka shiga na'urarka. Kwamfutar 2015 da aka sa wa SSD da RAM giga 8 tana tafiya da ita cikin natsuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya gwada ta daga filas ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'urar ba. Ka tashe ta daga filas ɗin, ka ga ko Wi-Fi da sauti da firinta suna amsawa, in ba ta yi maka ba ka zare. Gani ya kori ji.

Ba zan ɓoye inda take da rauni ba. Photoshop ba ya gudana a kanta, haka Word da Excel irin na ɗorawa a kwamfuta, sai dai na burauza. LibreOffice, takwaran Word da Excel na kyauta, yana buɗe takardun Word, amma takarda mai tarin jadawali da ado takan ɗan goce. Idan abincinka ya rataya a kan wata manhaja guda da Windows kaɗai ta sani, kada ka wahalar da kanka. Wasanni sun samu sauƙi sosai tun da kamfanin Valve ya kawo Proton, manhajar da ke gudanar da wasannin Windows a kan Linux, a 2018, ko da yake wasu na gasa ta intanet har yanzu suna ƙi. Makon farko kuma sai ka yi haƙuri da neman inda aka ajiye abubuwa. Amma masu cewa Linux ta ƙwararru ce kaɗai su dubi jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, domin kada bayanan gwamnati su dogara da kamfani guda.

Kuɗin manhaja ma a sa shi cikin lissafi tun farko. Adobe ya koma tsarin biyan wata-wata tun 2013, ranar da ka daina biya ka daina aiki da shi. Microsoft 365 ma haya ce, amma akwai Office 2024 da ake saya sau ɗaya. Ka lissafa abin da hayar za ta ci cikin shekara biyar ka ɗora a kan kuɗin na'urar, sannan ka kwatanta.

A nan ne nake ganin hukumomi suna da aiki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sake sarrafawa yadda ya kamata. Na'ura mai lafiya da aka jefar domin manhaja ta juya mata baya tana ƙara wa wannan tsibi. Faransa ta wajabta tun 2021 a riƙa liƙa wa kwamfutocin tafi-da-gidanka maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ta sa wa wayoyi dokar caja iri ɗaya ta USB-C daga ƙarshen 2024, ta kuma sanya Afrilun 2026 ga kwamfutocin tafi-da-gidanka. Abin da nake fata ya biyo baya shi ne a tilasta rubuta ranar ƙarewar tallafi a jikin kwali, ɓaro-ɓaro, yadda ake rubuta wa magani. Kamfanin Framework, wanda ya fara sayar da kwamfutoci a 2021 da sukudireba a cikin kwalin, ya riga ya nuna siririyar na'ura na iya kwantuwa.

Idan ɗan'uwana ne ya zo yau da tsohuwarsa a hannu, zan fara buɗe BIOS in nemi TPM. In babu, zan tashe ta da Linux Mint daga filas, in bar shi ya yi aikinsa na yini guda a kai. Sai in hakan bai yi ba za mu yi maganar saye, kuma wadda zan nuna masa ita ce ta ma'aikatu mai masarrafar da ke cikin jerin Windows 11 da tazara mai kyau, RAM giga 16 ko gurbin kai shi can, SSD mai zaruwa, da batirin da aka ɗaure da sukuru.