Kududdufi, siminti ko tamfol: a ina za ka zuba kifinka?

Yawancin waɗanda na ga sun watsar da kiwon kifi, abinci ne ya kayar da su. Mutum ya ƙarar da jarinsa a gini, wata na uku tarwaɗa ta buɗe baki, aljihu kuwa wayam. Abinci kaɗai kan lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Ware nasa tukuna, abin da ya rage shi zai zaɓa maka wurin kiwo.

In kana da fili mai laka, kududdufin ƙasa ya fi sauƙin kuɗi, ga ƙananan halittun ruwa da kifi ke tsinta kyauta. Kafin ka haƙa, dunƙule jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin, ka cilla sama ka cafe. In ta wargaje a tafin hannunka, rairayi ya yi yawa, ruwa zai tsiyaye. Sauran matsalolin kududdufi su ne ambaliya, tsuntsaye da ɓarayi.

Tankin siminti yana daɗewa, amma yana cin jari, kuma sabon siminti na kashe kifi. Dole a cika shi da ruwa ya jiƙa, a zubar, a maimaita, har awon pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Tamfol kuwa na mai haya ne da ɗan koyo: ka kafa yau, ka naɗe ranar tashi. Rana na cinye shi, tsinin ƙarfe ɗaya ya isa ya huda shi. Ni dai shi nake nuna wa mai farawa, don ko an yi kuskure asarar ba ta karya mutum.

Sai dai siminti da tamfol duk bayin ruwa ne. Kashin kifi da ragowar abinci na sakin amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, sai ka ga ruwa ya yi kumfa yana wari, kifi ya ƙi ci, dole a riƙa sauya ruwan. Wanda ba shi da rijiya da abin tayar da famfo kullum, ya dakata. Na'urar da ke tace ruwa ta maido shi tana rage wannan wahala, amma wuta ta ɗauke na 'yan awoyi, tanki guda na iya salwanta.

Wajen iri, tarwaɗa na shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure cunkoso fiye da karfasa. Ƙara kuɗi ka sayi 'ya'yan da suka ɗan tasa, masu girma ɗaya, domin babbar tarwaɗa na haɗiye ƙarama. Abinci mai tsayawa saman ruwa ya fi tsada, amma da idonka kake ganin wanda aka ci da wanda aka bari. Mai nutsewa ka bar shi sai kifi ya girma, kai ma ka laƙanci cinsa.