Asibitin kuɗin da muka kwantar da Baba: nas ɗin safe sun iya aiki, na dare sai a hankali

In don nas-nas ne zan ba asibitin nan huɗu cikin biyar, ɗayan da na cire na 'yan aikin dare ne da kuma tsada. Asibitin kuɗi ne a nan Kano, ba wani babba ba, Baba muka kai ciwon suga ya taɓa masa ƙafa har ta yi gyambo.

Sistar da take wankin ciwon da safe wallahi ta san aikinta. Kafin ta taɓa shi sai ta ce "Baba ina kwana, zan buɗe ƙafar yanzu, zai ɗan yi zafi ka yi haƙuri", kuma kun san tsofaffinmu ko basu runtsa ba in ka ce ya jiki amsar ɗaya ce, alhamdulillah da sauƙi, toh ita bata tsayawa nan sai ta ce Baba jiya ka samu barci kuwa, ƙafar zugi take ko ba ka jin ta sam. Ta haka muka san ashe ya jima baya jin yatsunsa, mu da muke gida ɗaya bai taɓa faɗa mana ba. Ta tambaye shi ko yana shan na gargajiya, ba faɗa ba hantara, shi yasa ma ya faɗi gaskiya ta rubuta wa likita.

Inda ta fi burge ni wajen allurar insulin ne. Ta zaunar da ƙanwata ta nuna mata a dinga canza wuri, yau ciki gobe cinya, don in aka nace wa waje ɗaya fatar tana yin kulu-kulu maganin ya daina shiga daidai. A firij ake ajiyewa ba firiza ba, in ta daskare ta lalace, in NEPA sun ɗauke a ƙulle ta a leda a sa gindin randa kar rana ta doke ta. In awon suga ya yi ƙasa da 70 ko aka ga gumi da karkarwa da jiri a bashi suga ko lemo nan take, amma in ya suma kar a ɗura masa komai a baki, a taho asibiti kawai. Tana gamawa ta ce ƙanwata ta maimaita mata da bakinta, ta kuma yi allurar a gabanta. Har takalmi ta ce a dinga zazzagewa kafin ya saka tunda ko ƙusa ya taka ba ji zai yi ba.

Dare kuwa haba. Ruwan da aka ɗaura ya ƙare har jini ya fara hawa robar, na je na kira nas ɗin dare ta ce ana zuwa, tana danna waya. Da ta zo ta yi allura na ce Sista wannan ta mecece, ta ce likita ne ya rubuta, shikenan ta fice.

Kuɗi ma ku shirya, safar hannu da auduga duk sai sun shiga lissafi, ku karɓi rasit kullum. Duk wata tambaya ku tara ta zuwa safe kafin a canza aiki, kuma mai kwana da mara lafiya ya zama wanda baya jin nauyin tashin mutane.