Jakar kayan gyaran mashin da na saya a Kofar Ruwa, ga yadda ta kaya

Kafin na tafi Daura bikin wani abokina sai da na leƙa kasuwar Kofar Ruwa a Kano na haɗo kayan gyara, don Boxer ɗina sifanun da ya zo da su tun tuni yaran gida suka yi gaba da su. Wani shago na shiga, mai shagon dattijo ne mai fara'a, na ce Alhaji tafiya zan yi mai nisa a mashin, ya ce to ɗana zauna. Ya ɗauko wata baƙar jaka mai zif, ciki akwai sifana lamba 8, 10, 12, 14 da 17, filaya, sukudireba mai baki biyu, sifanar fulogi, ƙarfen cire taya guda biyu, sai faci da gam. Famfon hannu daban na saya, da tib sabo da fulogi da wayar kuloci. Wayar nan shi ya matsa min na ɗauka, a raina na ce kawai so yake ya ƙara ciniki.

Bayan asuba na kama hanya, na wuce Dambatta lafiya lau, saura kaɗan na shiga Kazaure sai na ji bayan mashin yana rawa. Ƙusa ce, doguwa, ta shige tayar baya har kai. Ba mai faci a kusa, gonaki ne hagu da dama sai wani yaro da awakinsa da ya zo ya tsaya a kaina yana kallo.

A nan na san na gari da na banza. Ƙarfen cire tayar nan wallahi ya biya kuɗinsa, bakinsa a daddale yake ba kaifi, bai tsinke min tib ba, wanda duk ya taɓa cire taya da sukudireba ya san yadda ake shiga gyaran huda ɗaya a fito da uku. Amma sifanun, hmm. Lamba 14 ɗin ina ɗora ta a kan noti na danna sai bakinta ya buɗe, ta dinga zamewa har ta fara cinye kan notin, ga yatsana ya daki sarƙa ya fashe. Ƙarfen sifanar kamar na gwangwani. Da filaya na ƙarasa da dabara da addu'a. Gam ɗin ma da na buɗe rabinsa ya bushe, da ba don sabon tib ɗin da ke jaka ba da tura mashin zan yi har gari. Famfon kuma yana aiki, sai dai ka shirya yin gumi, na fi minti goma ina bugawa kafin tayar ta yi tauri, yaron awakin har ya karɓa ya taya ni.

Wayar kulocin da na raina kuwa, a dawowa ta yi rana, ba a nawa ba, wani bawan Allah na tarar a gefen titi tasa ta tsinke, ga matarsa da goyo a tsaye cikin rana. Muka ɗaura masa ya wuce.

Da na dawo na koma shagon na nuna wa Alhaji sifanar, bai yi musu ba, ya ce ai wannan ta cikin jaka ce, masu kyau a ware ake sayar da su. Ya canja min 14 da 17 da na gwanjo masu nauyi na cika kuɗi kaɗan. To Alhaji me ya hana ka faɗa tun farko?

In za ka saya, ɗauki jakar saboda ƙarafan taya da filaya da sifanar fulogi, amma sifanun ka zaɓa da hannunka, ka ɗora a kan notin mashin ɗinka tun a bakin shago. Gam ka sayi sabo ka matsa ka ji yana da ruwa. Ni na ƙara tocila, makullin sarƙa da igiyar roba ta tsohon tib, duk suna ɗaure a bayan sit.