Aikin Gyaran Tabki a Damagaram: Yabo da Gyara

Matasan wata fada, wato majalisar hirar samari, a unguwar Birni suna karɓar gudummawa kaɗan daga gidaje domin kwashe shara daga tabkin unguwa, kuma aikinsu ya cancanci yabo. Kafin damina suna tsince leda da gwangwani, suna roƙon masu gyaran babura da su daina zubar da baƙin mai a magudanar ruwa, domin fatar kwaɗo tana tsotse duk gubar da ta shiga ruwa, ƙwansa kuwa ba ya ƙyanƙyashewa cikin ƙazanta. Da ruwan Agusta ya sauka, kukan kwaɗi ya dawo, su da ke cinye ƙwari da dare.

Irin wannan himma ce ake yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda masu sa-kai ke tsallakar da wani kwaɗo mai fuskantar ƙarewa daga titi lokacin haihuwarsa.

Abin da na ga ya kamata matasan Birni su gyara shi ne sare ciyawar bakin tabki ƙarƙaf, alhali nan ne ƙananan kwaɗi ke fakewa daga zafin rana.